Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗa Ayyukan Tiyata a Gwiwar da Ta Yi Mummunan Rauni

Akwai ciwon gwiwa da hutun mako guda da ƙanƙara ke warkarwa. Akwai kuma wanda likita zai ɗaga hoto ya duba, ya ce abu uku ko huɗu ne suka lalace a faɗuwa ɗaya, kuma gyaransu sai an haɗa. A kan irin na biyun waɗannan tambayoyi suke, irin waɗanda majinyaci da danginsa ke fita da su a rai daga ofishin likita ba tare da sun samu damar yi ba.

Me ke cikin gwiwa har da za a ce abu uku ko huɗu sun lalace lokaci guda?

Sai mun fara warware kalmar jijiya, domin a Hausa abu uku muke kira da ita, kuma dukkansu suna cikin wannan magana. Akwai jijiyar ɗauri, wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi kamar igiya. Akwai jijiyar jini. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ke kai umarnin motsi ga tsoka ta dawo da ji zuwa ƙwaƙwalwa. Duk inda likita ya ce maka jijiya ta tsinke, tambaye shi wacce.

Ƙashin cinya zaune yake kawai a kan ƙashin ƙwauri, babu wani rami mai zurfi da ya riƙe shi kamar na ƙugu. Manyan jijiyoyin ɗauri huɗu ne ke hana su rabuwa. Biyu suna can tsakiya, sun gitta juna: ta gaba, wadda ake rubutawa ACL a takardar hoto, tana hana ƙwauri zamewa gaba da murɗewa, ta baya kuma, wato PCL, tana hana shi zamewa baya. Ɗaya tana gefen ciki, ɗaya tana gefen waje tare da wasu ƙananan jijiyoyi da ke tare kusurwar baya ta waje. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai guringuntsi guda biyu masu siffar jinjirin wata, su ne matashin da ke ɗauke nauyi. Sannan bakin kowane ƙashi lulluɓe yake da wani guringuntsin mai santsi. A bayan gwiwa kuma, manne da ƙashi, babbar jijiyar jinin da ke ciyar da ƙafa ta wuce.

Ƙarfin da zai iya tsinka ɗaya daga cikin waɗannan da wuya ya tsaya a kanta ita kaɗai. Tun a 1950 wani likitan Amurka, O'Donoghue, ya bayyana yadda jijiyar gaba da ta gefen ciki da guringuntsi ke lalacewa tare a jikin 'yan wasa.

Me ake nufi da haɗa aiki?

Shi ne a gyara ɓarna fiye da ɗaya cikin shiri guda, mafi yawa a shiga ɗakin tiyata sau ɗaya. Wanda aka fi yi shi ne sabunta jijiyar gaba tare da ɗinke guringuntsin da ya yage. Sai sabunta jijiyar gaba tare da ƙarin ɗauri a gefen waje. Sai babban cikinsu, sabunta jijiyoyi biyu, uku ko duka huɗun bayan gwiwa ta goce. Wani lokaci kuma a haɗa da gyaran tsayuwar ƙashi, ko cike ramin da ya samu guringuntsi mai santsi, ko ɗaure karaya da ƙarfe.

Me ya sa ba za a gyara babbar ɓarnar kawai a bar sauran su warke da kansu ba? Ba ƙarin kuɗi ake nema ba?

Wannan zargi yana zuwa ran mutane da yawa, kuma ban ga laifin mai tambaya ba, domin kuɗin ba kaɗan ba ne. Amma amsar tana cikin yadda gwiwa ke aiki.

Dubi rumfar da aka kafa da igiyoyi huɗu. Iska ta tsinka biyu, sai ka sabunta ɗaya ka bar ɗayar tana reto. Nauyin da igiyoyi biyu suke rabawa yanzu ya koma kan sabuwar ita kaɗai, kuma ba za ta daɗe ba. Haka abin yake a gwiwa. Ɗaya daga cikin sanannun dalilan da ke sa sabuwar jijiyar gaba ta saki bayan aiki shi ne an bar raunin kusurwar baya ta waje ba a gano shi ba. Mutum zai sha aiki, ya sha gashin ƙashi na watanni, sannan gwiwa ta ci gaba da buɗewa ta gefe a duk takun da ya yi, tana jan sabuwar jijiyar a hankali har ta miƙe ta zama ba ta da amfani. Aikin na biyu ya fi na farko wuya, domin an riga an huda ƙashi, kuma an riga an ɗebi jijiyar da ta fi dacewa.

Guringuntsi ma haka. Ƙarshensa na baya yana aiki kamar dutsen da ake tare tayar mota da shi, yana taya jijiyar gaba hana ƙwauri zamewa. Idan an ɗinke shi an bar gwiwa tana rawa, ɗinkin zai sake yagewa. Idan an sabunta jijiya an bar shi a yage, jijiyar ta rasa mataimaki.

Duk da haka, ba kowace ɓarna ce ke buƙatar wuƙa ba. Jijiyar gefen ciki tana da wadatar jini, kuma sau da yawa tana haɗewa da kanta idan an sa takalmin gwiwa, wato abin ɗaurawa mai tallafe gwiwar, na kimanin mako 6, daga baya a sabunta ta gaba kawai. Likitan kirki zai gaya maka abin da zai taɓa da abin da zai ƙyale, da dalilin kowanne.

Gwiwarsa ta goce a haɗarin babur, amma ta koma da kanta kafin a kai shi asibiti. Akwai sauran abin tsoro?

Akwai, kuma idan ba za ka riƙe komai daga wannan rubutu ba, riƙe wannan.

Gocewar gwiwa gaba ɗaya, wato ƙwauri ya bar ƙarƙashin cinya, daban take da gocewar ƙoƙon gwiwa. Kusan rabin irin wannan gocewa tana komawa da kanta, ko masu taimako su ja ƙafar ta koma tun a bakin titi. Hoton ƙashi zai fito lafiya lau, babu karaya, sai a ce targaɗe ne. Alhali a lokacin da ƙashin ya fita, mai yiwuwa ya ja jijiyar jinin da ke bayan gwiwa, wadda ke ɗaure sama da ƙasa ba ta da wurin kaucewa. Wani lokaci ba ta tsinkewa, fatarta ta ciki ce kawai ke yagewa, jini ya ci gaba da wucewa na 'yan awoyi, sannan ya daskare ya toshe hanya cikin dare.

Wani bincike da Green da Allen suka wallafa a 1977 ya nuna cewa idan an wuce awa 8 ba a gyara wannan jijiya ba, kashi 86 cikin ɗari na ƙafafun sai an yanke su. Shi ya sa a asibiti ake taɓa bugun jini a bayan sawu da gefen idon sawu, a maimaita bayan 'yan awoyi, a kuma auna ƙarfin jini a idon sawu a raba shi da na hannu. Idan lissafin ya gaza 0.9, sai hoton jijiyoyin jini cikin gaggawa.

Kai da ke zaune kusa da shi, sa hannunka a kan tafin ƙafar da ta ji ciwo, sannan ka sa a kan lafiyayyar. Idan ɗaya ta fi sanyi, ko farcen ya koɗe, ko ka danna farce ya yi fari bai koma ja da wuri ba, ko sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri kamar itace kuma ciwo ya fi ƙarfin magani, kada a jira gari ya waye.

Ko a inda kayan aiki suka wadata abin ba wasa ba ne. A Oktoban 2017 ɗan wasan ƙwallon Amurka Zach Miller na ƙungiyar Chicago Bears ya goce a gwiwa ana cikin wasa, jijiyar jini ta yage. An yi masa aikin gaggawa an ceci ƙafar, amma bai sake buga wasa ba. Kuma ba sai babban haɗari ba: mai ƙiba sosai kan iya gocewa daga zamewa a banɗaki ko tuntuɓe a bakin ƙofa.

A irin wannan hali tsarin aiki a jere yake. Jini ne farko. Sai a tsayar da ƙashi, sau da yawa da ƙarafan da ake kafawa daga waje su haɗe cinya da ƙwauri. Jijiyoyin ɗauri su ne ƙarshe, bayan an tabbatar ƙafa ta tsira.

To, mai ɗori fa?

Masu ɗori suna da matsayi a wurin jama'a, suna kusa, kuma kuɗinsu da sauƙi. Amma jijiyar gaba tana cikin ruwan gaɓa ne, idan ta tsinke bakinta biyu ba sa haɗuwa, ko shekara aka yi ana ɗaure. Babban abin tsoro shi ne ɗauri mai tsauri da karare a kan ƙafar da take kan kumbura, musamman idan jijiyar jini ta riga ta taɓu. Abu na biyu shi ne ɓata lokaci: akwai gyaran da sai cikin mako 2 zuwa 3 na farko yake yiwuwa, kamar mayar da jijiyar da ta ɓalle da ɗan guntun ƙashi. Bayan haka nama ya tattare, sai dai a sabunta.

Ɗinke jijiyar ake yi ko sabuwa ake sawa? Daga ina ake samo ta?

Mafi yawa sabuwa ake sawa. Ana ɗebo agara, wato igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, daga jikin mutum shi kansa: daga bayan cinya ta gefen ciki, ko tsakiyar agarar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa tare da guntun ƙashi a kowane baki, ko ta saman ƙoƙon. A huda ƙashin cinya da na ƙwauri daidai mazaunin tsohuwar, a zura sabuwar, a riƙe ta da ƙusa mai murɗi ko maɓalli na ƙarfe. Tunanin ba sabo ba ne, wani likita mai suna Hey Groves ya yi irinsa a Ingila a 1917.

Idan jijiyoyi uku ake buƙata, agarar ƙafa ɗaya ba lallai ta isa ba, sai a ɗebo daga ɗaya ƙafar, ko daga gefen idon sawu. A ƙasashen da ke da ma'ajiyar sassan jiki ana amfani da ta mamacin da ya bayar da gudummawa, amma tana da tsada, kuma a jikin matasa ta fi saurin tsinkewa fiye da ta jikin mutum.

Ga kusurwar baya ta waje, wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 ya samu cewa ɗinki kawai ya gaza a kashi 37 cikin ɗari, sabuntawa kuma a kashi 9. Wannan na cikin abin da ya sa likitoci da yawa ke ɗinkewa sannan su ƙarfafa da sabuwa.

Akwai abin da ya kamata mai salla ya faɗa wa likita tun kafin a zaɓi wurin ɗiba. Agarar ƙasan ƙoƙon gwiwa tana da ƙarfi ƙwarai, amma an san ta da barin ciwo a gaban gwiwa idan an durƙusa. Wanda zai kai gwiwarsa ƙasa sau da yawa kullum, da tela mai zama a ƙasa, da mai aikin shimfiɗa tayil, duk suna da haƙƙin a yi shawara da su a kan wannan.

An ce guringuntsina ya yage. Me ya sa ba za a cire shi a huta ba?

Da can haka ake yi, a cire shi ɗungurungum. A 1948 Fairbank ya nuna a hotuna yadda gwiwar da aka cire wa shi ke tsukewa ƙashi ya fara cin ƙashi, wato amosanin gaɓa ya zo da wuri. Abin mamaki, ɗinke shi ya riga wannan daɗewa: Thomas Annandale ya yi a Edinbara tun 1883. Yau ƙa'idar ita ce a ceci duk abin da zai cetu.

Matsalar ita ce jini ba ya kaiwa sai gefensa na waje, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Yagewa a nan tana haɗewa idan an ɗinke, ta can ciki kuwa sau da yawa sai dai a datse bakin da ya lalace. A nan ne haɗa aiki ke da wata riba ta musamman: hujin da ake yi wa ƙashi domin sabuwar jijiya yana zubo jini da ɓargo cikin gaɓa, kuma ɗinkin guringuntsi ya fi kamawa idan an yi shi tare da aikin jijiyar gaba fiye da idan an yi shi shi kaɗai.

Idan gwiwa ta kulle ta ƙi miƙewa gaba ɗaya, mai yiwuwa wani yanki ne ya yage ya kifa tsakiya kamar mariƙin bokiti. Wannan ba ya son jinkiri.

Likita ya ce zai ƙara wani ɗauri a gefen waje bayan jijiyar gaba. Na mene ne?

Domin hana murɗewa. Ana yanko siririn yanki daga faffaɗar agarar gefen cinya, a bar ƙarshensa manne da ƙwauri, a bi da shi ta ƙarƙashin jijiyar gefen waje a kafe shi a ƙashin cinya. Likitan Faransa Marcel Lemaire ne ya bayyana hanyar a 1967. An yi watsi da ita na wani lokaci, sannan ta dawo, musamman bayan masu bincike a Beljiyam sun sake bayyana wata jijiya a wannan gefe a 2013.

Babbar hujja ta fito a 2020, daga gwajin da aka yi a Kanada da Turai kan matasa 618 da ba su wuce shekara 25 ba. Cikin shekara 2, sabuwar jijiya ta tsinke a kashi 11 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aikin jijiyar gaba kaɗai, amma kashi 4 kawai a waɗanda aka ƙara wa wannan ɗauri. Ba kowa ake yi wa ba. An fi yi wa matashi mai komawa ƙwallo, da mai sakakkun gaɓoɓi, da wanda ake yi wa aiki karo na biyu.

Ƙashina bai karye ba. Don me za a yanka shi?

Idan mutum mai ƙafar baka ne sosai, nauyinsa yana tura gwiwa waje a kowane taku, kuma duk jijiyar da aka sa a gefen waje za ta miƙe. Haka kuma saman ƙashin ƙwauri yana da ɗan gangare zuwa baya, idan gangaren ya kai digiri 12 ko fiye, yana tura ƙwauri gaba ya wahalar da sabuwar jijiya. Sai a tsaga ƙashin ƙasa da gwiwa, a gyara tsayuwarsa, a riƙe da farantin ƙarfe. An fi yin haka a tsohon rauni ko bayan aikin farko ya gaza. Wasu ma da an daidaita ƙashin sai rawar gwiwa ta ragu har ba sa buƙatar sauran aikin.

Gara a yi duka lokaci ɗaya ko kashi-kashi?

Likitoci kansu ba su gama sasantawa a kan wannan ba. Yi lokaci ɗaya yana nufin allurar barci sau ɗaya, jinya sau ɗaya, kuma babu jijiyar da za ta ɗauki nauyin 'yar'uwarta tana jira. Amma aiki babba a kan gwiwar da take cikin kumburi yana ƙara haɗarin sandarewa. Akan raba shi idan an gyara jijiyar jini, ko akwai buɗaɗɗen rauni, ko fata ta lalace, ko akwai karayar da sai ta haɗe kafin a huda ƙashi. Ga jijiyar gaba da ba ta zo da gaggawa ba, an fi son a jira kumburi ya saɓe, gwiwa ta iya miƙewa sosai, tsokar cinya ta farfaɗo. Gwiwar da ta shiga ɗakin tiyata a sandare takan fito a sandare.

Yaya aikin kansa yake?

Akan yi allurar baya mai kashe rabin jiki, ko ta barci gaba ɗaya. Abin da likita zai fara yi bayan jiki ya saki shi ne ya sake gwada gwiwar da hannu: ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya ja ƙwauri gaba da ɗayan, ya tura baya, ya buɗe ta ciki da waje, ya murɗa tafin ƙafa ya gwada da lafiyayyar. Mutum a farke tsokarsa na ƙanƙamewa ta ɓoye rawar, don haka wani lokaci a nan ne ake gano abin da hoton MRI, wanda ke nuna jijiyoyi da guringuntsi, bai nuna ba. Shi ya sa yake da kyau a yarda tun farko cewa shiri na iya ɗan canzawa.

Aikin cikin gaɓa ana yin sa ne ta ƙananan huji biyu ko uku, da siririn bututu mai kyamara, fasahar da Masaki Watanabe na Japan ya inganta wajen ƙarshen shekarun 1950. Na gefe kuwa sai an tsaga fata. Idan jijiyoyi da yawa ne, wahalar tana wajen tsara hujin ƙashi kada su ci karo da juna, da kuma jerin ɗaurewa. Galibi ana fara ɗaure ta baya, domin ita ke mayar da ƙwauri mazauninsa, sauran su biyo. Jijiyar gaba ita kaɗai kan ci awa ɗaya zuwa biyu, babban haɗin kuma awa 3, 4 ko fiye.

Mai sikila, mai ciwon suga da mai shan taba su faɗa tun da wuri. Ana ɗaure cinya a tsayar da jini lokacin aiki, kuma wannan yana buƙatar shiri na musamman ga mai sikila. Taba kuwa tana jinkirta haɗewar ƙashi da nama.

Waɗanne matsaloli ne ke iya biyo baya?

Wadda ta fi yawa bayan babban haɗi ita ce sandarewa, har wasu sai an sake sa su barci an lanƙwasa gwiwar ko an yanke tabon ciki. Sai daskarewar jini a sha-raɓa, wadda kan iya tafiya huhu. Sai shigar ƙwayoyin cuta cikin gaɓa, ba ta da yawa amma tana da tsanani: zazzaɓi, zafi da kumburin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko ruwa daga bakin ɗinki, a koma asibiti ranar. Mutuwar ji a ɗan wani yanki na fatar ƙwauri abu ne da aka saba gani. Gaskiya ɗaya kuma da ya kamata a faɗa: aiki yana tsayar da gwiwa, amma ba ya goge haɗarin amosanin gaɓa nan gaba, musamman idan guringuntsi ya taɓu.

Tun ranar haɗarin tafin ƙafarsa ya saki, silifa ma faɗuwa take. Zai dawo?

Wannan jijiyar saƙo ce da ke zagaye kan ƙaramin ƙashin da ke gefen waje, ƙasa da gwiwa kaɗan. Tana taɓuwa a kusan ɗaya cikin huɗu na gocewar gwiwa. Za ka ga mutum yana ɗaga gwiwa sama sosai idan zai taka, domin yatsunsa na jan ƙasa, tafin kuma ya faɗo da ƙara. Idan akwai ragowar motsi ko kaɗan ne, mafi yawa suna warkewa. Idan ta mutu gaba ɗaya, ƙasa da rabi ne ke samun dawowar da za ta amfane su. Kafin nan ana sa takalmin roba mai riƙe tafin kada ya faɗo ƙasa, ana kuma motsa idon sawu kullum kada agara ta tsuke. Idan kimanin shekara ta wuce babu alama, akan karkato wata agara daga gefen ciki ta riƙa ɗaga tafin.

Bayan aiki, yaushe zan taka? Yaushe zan yi sujada?

Ya danganta da abin da aka haɗa, kuma dokar ita ce mafi rauni cikin gyare-gyaren shi ke yanke wa sauran hukunci. Wanda aka yi wa jijiyar gaba kaɗai kan fara takawa da sanduna cikin kwanaki. Da an haɗa da ɗinkin guringuntsi, ko jijiyar baya, ko kusurwar waje, akan hana ɗora nauyi na kimanin mako 6, da takalmin gwiwa. Mai sabuwar jijiyar baya akan kwantar da shi rub-da-ciki ne a lanƙwasa masa gwiwa, domin idan yana rigingine nauyin ƙwauri na jan ta baya. Saboda haka kada ka gwada kanka da maƙwabcin gadonka.

Akwai wani tarko da ke cin mutane. Agarar da aka dasa tana yin rauni tukuna kafin jiki ya shigar mata da jini ya mayar da ita jijiya, kuma ta fi rauni wajen mako na 6 zuwa na 12. Daidai lokacin ne ciwo ke tafiya mutum ya ji ya warke, ya ajiye sanda, ya hau babur. Rashin ciwo ba shaidar warkewa ba ce a nan.

Tsugunno mai zurfi da zaman tahiya suna matse ƙarshen guringuntsi na baya, inda aka fi ɗinki, don haka akan hana su na wata 4 ko fiye. A tanadi kujerar salla, malamai sun yi bayanin rangwamen da mara lafiya ke da shi. A tanadi kuma abin zama a banɗaki tun kafin a dawo daga asibiti, domin masai na tsugunno a makon farko babbar jarrabawa ce, kuma ba a cika tunawa da shi ba sai an iso gida.

Gashi kuwa rabin aikin ne cur. Abin da mai gashin ƙashi zai fi nacewa a kai tun ranar farko shi ne gwiwa ta miƙe sambal kuma tsokar gaban cinya ta tashi. Kada a sa filo a ƙarƙashin gwiwa don jin daɗi, a sa shi ƙarƙashin dunduniya. Wanda ba shi da halin zuwa gashi na watanni ya faɗa tun kafin aiki, a tsara abin da zai iya yi a gida.

Zan koma ƙwallo?

Dubi waɗanda suke da likitoci da masu gashi a kansu dare da rana. Neymar ya tsinka jijiyar gaba da guringuntsi a wasan Brazil da Yurugwai a Oktoban 2023, bai dawo fili ba sai Oktoban 2024. Gavi na Barcelona ya ji irin wannan rauni a wasan Sifaniya da Jojiya a Nuwamban 2023, ya dawo bayan wata 11. Rodri na Manchester City ya ji nasa a karawa da Arsenal a Satumban 2024, ya dawo a Mayun 2025. Matashin da ke buga ƙwallo a filin unguwa mai duwatsu ba shi da dalilin riga su.

Wani bincike na haɗin gwiwar Norwe da Amurka a 2016 ya nuna cewa kowane wata guda da aka ƙara na haƙuri, har zuwa wata na 9, yana rage sake jin rauni da kashi 51 cikin ɗari. Kuma ba kwanan wata kaɗai ake dubawa ba, sai ƙarfin cinyar ya kai kashi 90 cikin ɗari na lafiyayyar. Bayan gocewar gwiwa gaba ɗaya, mafi yawa suna komawa aiki da tafiyar yau da kullum, amma komawa matsayin wasan da ake a da ba kowa ke samu ba.

Ina zan nufa, kuma me zan tambaya kafin in sa hannu?

A Najeriya akwai tsofaffin asibitocin ƙashi na tarayya a Dala da ke Kano, da Igbobi a Legas, da Enugu, ga kuma sassan ƙashi na asibitocin koyarwa. Amma ba kowane likitan ƙashi ne ke yin aikin jijiyoyin gwiwa da yawa ba, fanni ne na daban, don haka ka nemi a tura ka wurin mai yin sa. Idan ana zargin jijiyar jini, asibiti mafi kusa da ke da likitan tiyatar jijiyoyin jini shi ne wurin zuwa, ba wanda ya fi suna ba.

Ka tambayi sunan kowane abu da ya lalace, a nuna maka a hoto. Ka tambayi wanne za a gyara, wanne za a bari, daga ina za a ɗebo agara, sau nawa likitan ke yin irin wannan haɗi a shekara. Ka tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da ƙusoshi da maɓallai da kayan ɗinkin guringuntsi, domin kowace jijiya da nata, da takalmin gwiwa, da gashi na aƙalla wata 6. Masu fita waje neman aiki su tsara wanda zai ci gaba da duba su a gida tun kafin su tashi, su kuma karɓo rubutaccen bayanin abin da aka yi musu da jadawalin gashi, domin mai gashin da zai karɓe su yana buƙatar sanin wace jijiya aka sabunta da kuma inda aka yi ɗinki kafin ya lanƙwasa gwiwar.